Hotuna, Haruffa Masu Ƙugiya da Wahalar da Na Sha a Aikin Bincike

'Yan uwa ɗalibai, abin da zan kawo a nan ya faru da ni ne a zangon karatun da na fara tattara bayanan kundina na kammala digiri. Na ga ya dace in rubuta shi domin na san da yawa daga cikinmu da waya muke aikin bincike, kuma babu darasin da aka ware a aji don koya mana yadda ake adana abin da muka tattaro.

Batun kundina shi ne rubutun Hausa a allunan shaguna da jikin ababen hawa a Yola da Jimeta. Ni Bafulatani ne, da Fulfulde na buɗe baki, Hausa kuwa a layi da kasuwa na tsince ta kafin in zo aji. Wannan ne ma ya ja ni ga batun. Fulfulde tana da ɓ da ɗ, saboda haka ba su taɓa ba ni wuya ba, amma ba ta da ƙ. Sai da na shiga jami'a na daina cewa "kafa" alhali ƙafa nake nufi. Na so in ga ko masu rubuta alluna a garinmu, inda Hausa take haɗa Bafulatani da Bachama da Kilba da Chamba da Margi, suna rubuta abin da bakinsu yake furtawa ne ko abin da aka koyar a makaranta.

A hutun 2024 na yi makonni ina yawo. Na bi kasuwar Jimeta layi-layi, na je tashar Jambutu inda na ɗauki bayan manyan motoci, na tsaya bakin titi a Dubeli ina jiran Keke Napep masu rubutu, sannan na shiga cikin garin Yola wajen fadar Lamiɗo. Na tara hotuna sama da 600: "Shagon dinki", "Kosai da kunu", "Hakuri maganin duniya", da ire-irensu. Kowane hoto na jefa shi cikin kundin da na buɗe a manhajar hotuna ta waya, wannan na ƙ, wannan na ɗ, wannan na ts. A ƙarƙashin kowanne kuma na rubuta unguwa da abin da mai shago ya gaya mini game da harshensa na gida.

Wata rana da dare wayar ta nemi in sabunta ta, na danna na kwanta. Da safe hotuna suna nan, ko ɗaya bai ɓata ba, amma kundayen sun tafi, bayanan da na rubuta ma sun tafi. An zube komai wuri guda, an jera bisa kwanan wata, hoton allon mai ƙosai yana maƙwabtaka da na bikin ƙanwata.

Na garzaya wurin wani mai gyaran waya. Ya dudduba ya ce, "Ɗalibi, ai ba ka ajiye su a folda ba, suna kawai ka liƙa musu." A nan na fara fahimtar abin da ya kamata in sani tun farko. Folda wuri ne na gaske a cikin ma'ajiyar waya ko kwamfuta, idan ka sa hoto a ciki yana nan ko da wace manhaja ka buɗe. Kundi kuwa, a manhajoji da yawa, jerin sunaye ne kawai da manhajar take riƙewa a nata littafin. Idan aka canza manhajar ba a kwashe littafin ba, shi ke nan. Kamar mai ajiyar kaya ne a tasha da ya haddace kayan kowa a ka: ranar da aka canza shi, kaya suna nan, sai dai ba mai sanin na wane ne.

Kwanan watan ma bai cece ni duka ba. Kyamara tana rubuta ranar ɗauka da sa'a a cikin hoton kansa, abin da ake kira Exif. Hotunan da na ɗauka da hannuna sun riƙe wannan. Waɗanda abokai suka turo mini ta manhajar hira kuwa an matse su an cire bayanin, sai suka jeru bisa ranar da suka iso gare ni.

Matsala ta biyu ta fi shafar mu masu nazarin harshe. Da na koma kwamfuta na sake rarraba hotunan, na buɗe folda ga kowane harafi. Sai wata manhaja ta jera mini su haka: b, d, k, z, ƙ, ɓ, ɗ. Wanda ya saba da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 ya san ɓ tana bin b, ɗ tana bin d, ƙ tana bin k. To me ya kai su bayan z, har ƙ ta riga ɓ? Dalili shi ne kwamfuta da lamba take gane harafi. A tsarin Unicode, wanda aka fara fitarwa a 1991, lambar b 98 ce, ta k 107, ta z 122. Ita ƙ lambarta 409, ɓ 595, ɗ 599. Manhajar da ta san ƙa'idar jerin Hausa takan mai da kowace kusa da 'yar uwarta. Wadda ba ta sani ba lamba kawai take bi. Sh da ts kuwa, da muke ɗauka baƙi ɗaya-ɗaya, a wurinta s da h ne, t da s ne.

Da na dunƙule foldodin na kai shagon buga takardu, sai aka buɗe aka ga wasu alamomi marasa ma'ana a gurbin masu ƙugiyar. Wannan ya tuna mini da tsofaffin kundaye da muke samu a intanet, inda za ka ga "}asa" maimakon ƙasa, "]aya" maimakon ɗaya, "~angare" maimakon ɓangare. Waɗannan an buga su ne da salon rubutu irin Rabi'at, wanda Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya samar lokacin da kwamfutoci ba su da haruffanmu. Dabarar ita ce a ari gurbin wata alama a zana ƙugiya a kai, kuma ta yi wa Hausa aiki shekara da shekaru. Sai dai sunan fayil ba ya bin salon rubutun da ka zaɓa, don haka alamar asali ce za ta fito. Mai son gwadawa ya kwafi kalma ya tura ta saƙon waya: in ƙ ta isa a ƙ, Unicode ce.

Abin da ya fi ci mini rai hoto ɗaya ne. Wani bango ne da aka rubuta gargaɗin zubar da shara da boko da ajami, kuma marubucin ya sa k a boko, a ajami kuwa ya sa harafin da aka saba rubuta ƙ da shi. Wato ya san bambancin sautin, ƙugiyar ce bai sani ba. Da na nuna wa malamin da ke duba aikina, ya ce, "Madalla. A ina ka ɗauka, kuma wa ya rubuta?" Na ce, "Malam, ina jin cikin Yola ne." Ya ce "ina jin" ba ta shiga kundi. Abokina ne ya turo shi, shi ma ya manta layin. Na yi kwana uku ina zaga unguwanni ban ga bangon ba, ƙila an shafe shi da fenti. Dole na cire shi daga babi na huɗu.

Yanzu ga yadda nake yi. Sunan kowane hoto yana farawa da shekara, wata, rana, sai wuri da lamba, misali 2024-09-14_Jambutu_017. In aka fara da shekara, kowace manhaja za ta jera su daidai. Ba na sa harafi mai ƙugiya ko alamar ɗauri a sunan fayil, duk da cewa hakan yana sosa mini rai a matsayina na ɗalibin Hausa. Ingantaccen rubutu yana cikin rajista: tebur mai lambar hoto, abin da aka rubuta a allo harafi da harafi, yadda ya kamata a rubuta shi bisa ƙa'ida, da harshen mai shago. Ina buga ta da allon rubutu na Hausa, irin wanda ke cikin Gboard ko Keyman, ina kuma da kwafinta a littafin aljihu. Kafin in fara ɗauka a kowace unguwa, nakan rubuta sunanta da kwanan wata a 'yar takarda in ɗauki hotonta, ta zama shaidar duk abin da ya biyo baya. Abokai kuma na roƙe su su turo hoto a matsayin fayil, su faɗi layin tun suna tsaye a wurin.

Daga cikin 600 ɗin, kusan kashi ɗaya bisa uku sai da na koma Jambutu da kasuwa na tabbatar da wurarensu. Na jikin Keke Napep kuwa na bar su da "Jimeta" kawai, tunda ba a tsaye suke ba balle in koma in same su.