Darasin Wannan Wata: Yadda Kotu Ke Yanke Diyyar Wanda Ya Ji Rauni a Hatsari

Darasinmu na wannan wata ya shafi kowa. Kullum muna kan hanya, ko zuwa kasuwa, ko gona, ko asibiti. Mota ko babur na iya buge mutum ya karye, ko ya nakasa. Da yawanmu sai mu koma gida mu yi jinya da kuɗinmu, har mu sayar da akuya ko hatsi. To, idan sakacin wani ne ya jawo hatsarin, doka ta ba wanda ya ji rauni damar neman diyya. Yafewa alheri ne, amma ya kamata mutum ya san haƙƙinsa kafin ya yafe.

Shari'a iri biyu ce

Ta farko ita ce wadda 'yan sanda ke kai direba kotu saboda tuƙin ganganci. Manufarta hukunta mai laifi, da tara ko ɗauri. Tarar kuwa aljihun gwamnati take shiga. Ta biyu ita ce ƙarar neman diyya. Wannan kai ne za ka shigar da ita da kanka, ko lauyanka. Kada ka zauna kana jira don ka ji an kama direba.

Me alƙali ke dubawa?

Alƙali bai ga hatsarin da idonsa ba. Ba ya yanke hukunci don tausayi, da hujja yake aiki. Kuma mai ƙara shi ne zai kawo hujja. Abu uku zai tabbatar:

1. Cewa wanda ake ƙara ya yi sakaci. Misali, ya yi gudu a tsakiyar kasuwa, ko ya yi lodi fiye da ƙima, ko ya fito da mota ba birki.
2. Cewa wannan sakacin ne ya jawo raunin.
3. Cewa raunin ya jawo asara ta gaske.

Alƙali zai saurari ɓangarorin biyu, ya auna. Wanda hujjarsa ta rinjaya shi ne ke da nasara.

Yaya ake lissafin diyya?

Diyya kashi biyu ce. Akwai kuɗin da ka kashe ko ka rasa: na magani, na gadon asibiti, na hoton ƙashi, na mota, da cinikin da ka rasa kana kwance. Wannan sai ka lissafa shi dalla-dalla, ka nuna shaida. Rasit ne babban mai taimakonka a nan. Akwai kuma diyyar azaba da nakasa. Wannan alƙali ne ke kimantawa, bisa rahoton likita da shekarun mutum da sana'arsa.

Idan kai ma kana da laifi, za a rage. A misali, a ce diyyar ta kai N400,000. Amma kotu ta ga kashi ɗaya cikin huɗu na laifin naka ne, don ka tsallaka titi ba ka duba ba. Za a cire N100,000, a ba ka N300,000.

Wa zai biya?

Sau da yawa direba ba shi da komai. Kada wannan ya karya maka gwiwa. Idan yana bakin aikin maigidansa ne, ana haɗa shi da mai motar a ƙara. Haka kuma doka ta tilasta wa kowace mota da babur yin inshora, don a biya mutanen da suka ji wa rauni. Shi ya sa sanin lambar mota ke da muhimmanci.

Abin da za ka yi tun ranar farko

1. A kai ka asibiti nan da nan. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa. Ko da za ka je wurin mai ɗori, fara ganin likita, domin rahoton likita shi ne babbar shaidar rauni a kotu.
2. A rubuta lambar motar da sunan direba. Ga amfanin karatu da rubutu ke nan.
3. A sanar da 'yan sanda, ko jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa. Lambar wayarsu ta gaggawa ita ce 122.
4. A rubuta sunayen waɗanda aka yi abin a gabansu, da garuruwansu.
5. Mai waya ya ɗauki hoton wurin da motar da raunin. Gani ya kori ji.
6. A adana kowane rasit da katin asibiti a leda, kada ruwa ko gara su ci.

Kada a yi jinkiri

Doka ta ƙayyade lokacin shigar da ƙara. Idan ya wuce, kotu ba za ta saurare ka ba, ko da kai ne mai gaskiya. Idan ma'aikacin gwamnatin tarayya ne ya buge ka a bakin aikinsa, lokacin na iya zama wata uku kacal. Don haka a nemi shawarar lauya da wuri. Wanda ba shi da hali ya je ofishin Hukumar Taimakon Shari'a ta Ƙasa da ke jiharsa. An kafa ta a 1976 don taimakon marasa ƙarfi.

Batun sulhu

Sulhu ya fi sauri, ya fi sauƙin kuɗi. Amma a yi shi a gaban shaidu, kamar dagaci ko mai unguwa, kuma a rubuta. Kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a takardar da ba ka karanta ba. Kada kuma ka karɓi kuɗin ƙarshe kafin likita ya faɗi iyakar raunin, don wani ciwon sai daga baya yake bayyana.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Abubuwa nawa mai ƙara zai tabbatar wa alƙali? Faɗe su.
2. Me ya sa ake adana rasit?
3. Idan diyya N200,000 ce, kuma rabin laifin na mai ƙara ne, nawa za a ba shi?