Yadda Ake Gano Abincin da Ya Dace da Mage Mai Yawan Ɓacin Ciki

Kyanwa, wadda a ƙasar Dutse aka fi sani da mage, dabba ce da aka halicci cikinta domin nama, hanjinta gajere ne, kuma akwai sinadarai da jikinta ba ya samarwa yadda zai wadatar sai ta same su a naman wata dabba, kamar sinadarin tawurin, wanda rashinsa ke raunana zuciya ya kuma lalata gani. Magen gida a Yalwawa da sauran unguwannin Dutse kuwa galibi a kan ragowar tuwo da miya take rayuwa, shi ya sa amai da zawo masu maimaituwa, waɗanda su ake nufi da ɓacin ciki a nan, suka zama ruwan dare gare ta. Hanyar da ta fi inganci wajen gano abincin da ke ɓata mata ciki ita ce a janye duk abin da take ci, sannan a riƙa dawo da su ɗaya bayan ɗaya har mai laifin ya bayyana.

Kafin a taɓa abinci sai an tabbatar ba cuta ba ce. Mage mai kamun ɓera da ƙadangare, ko mai ƙuma a jiki, ba ta rabuwa da tsutsar ciki, don haka a fara kai ta wurin likitan dabbobi ya auna nauyinta ya ba da maganin tsutsa daidai da shi, a kuma maimaita duk bayan wata 3. Idan akwai jini a cikin kashinta, ko ta ƙi ci har kwana guda, ko ta kwanta babu kuzari, ko kuma jaririya ce, to maganar ta wuce gwajin abinci, likita ake nema a ranar. Haka kuma ba a ba mage farasitamol ko da ɓari ne, domin hantarta ba ta iya sarrafa shi, kuma ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta.

Mataki na biyu shi ne raba ta da tukunyar gida. Albasa da tafarnuwa, ɗanyu ko dafaffu, suna lalata jajayen ƙwayoyin jininta, attaruhu da yawan mai suna tayar da hanji, gishiri da dunƙulen ɗanɗano kuma sun yi wa ƙaramin jiki yawa. Madara ma a janye, ko da yake wannan ne ya fi yi wa masu gida wuyar yarda, domin mage na son ta ƙwarai. Dalili shi ne bayan yaye, jikin yawancin maguna yana rage sinadarin da ke narkar da sukarin madara, sai sukarin ya wuce hanji bai narke ba ya janyo ruwa, zawo ya biyo baya.

Daga nan sai a zaɓi nama iri ɗaya tak, wanda zai fi kyau ya kasance ba ta saba da shi ba, tunda naman shanu da kifi da kaza su ne aka fi samun jikin mage yana ƙi, saboda su ta fi ci. Mutanen tsakiyar Jigawa sun yi dace a nan, domin zabo da tattabara da zomo ba sa wuyar samu a kasuwar Dutse ko ta Shuwarin. A fiɗe fata da kitse, a tafasa tsokar da ruwa zalla, a zare ƙashi gaba ɗaya saboda dafaffen ƙashi yana tsagewa ya soki hanji, sannan a raba abincin yini gida huɗu maimakon a tara mata shi lokaci guda. Romon da aka tafasa naman a ciki a zuba mata shi, kuma cokali ƙarami na dafaffiyar kabewa yana taimakawa wajen ɗaure kashi. Za a ci gaba da haka mako 2 ba tare da ta ɗanɗani komai ba, kuma a nan ne gwajin kan rushe, domin a gida mai yawan jama'a yaro zai jefa mata ƙosai, ko ta haura katanga ta ci a maƙwabta. Dole a sanar da kowa a gidan, a kuma tsare ta a ɗaki mai iska da kaskon yashi da ruwa mai tsabta.

Idan ciki ya lafa, sai a ƙara abu ɗaya, misali dafaffen ƙwai ko tarwaɗar da aka zare wa ƙaya, a jira kwana 7 ana rubuta abin da ta ci da yadda kashinta ya kasance. Duk abin da ya dawo da zawo an gano shi, sai a bar shi. Kifi dai a dafa shi, domin ɗanyen wasu kifaye na ɗauke da sinadarin da ke rusa bitamin B1.

Tsoka zalla ba za ta riƙe mage na dogon lokaci ba, saboda tana da ƙarancin sinadarin gina ƙashi. A haɗa da zuciya domin tawurin, da hanta kaɗan da ba ta wuce kashi 5 cikin 100 na abincin ba, da garin ɓawon ƙwai da aka tafasa aka daka, kimanin rabin ƙaramin cokali ga rabin kilo na nama. Mai halin sayen abincin mage na leda ko na gwangwani ya duba jerin kayan haɗinsa, ya shigar da shi sannu a hankali cikin mako guda yana cakuɗawa da wanda ta saba. A zafin Maris zuwa Mayu, lokacin da ma'auni kan haura digiri 40 a Dutse, dafaffen nama yana lalacewa cikin 'yan sa'o'i, don haka gidan da wutarsa ba ta tsayawa ya dafa na yini ɗaya kawai, ya kwashe ragowar ya wanke kwanon.

Idan an gwada nama iri biyu, kowanne mako 2, kuma zawo bai tsaya ba ko magen tana ramewa, sai a koma wurin likita da takardar da aka riƙa rubutu a kai da kuma sabon kashinta domin a duba shi a ɗakin gwaji.