Babi na Bakwai: Shigar da Ɗaliban Babbar Sakandare Cikin Aikin Binciken Tarihi

7.0 Gabatarwa

Hausawa na cewa waiwaye adon tafiya. Ɗalibi da yawa kan kammala sakandare ya haddace sunayen sarakuna da shekarun yaƙe-yaƙe, amma bai san wanda ya kafa unguwarsu ba, bai kuma san ranar da aka buɗe makarantarsa ba. A ɗaya ɓangaren, dattawan da ke riƙe da waɗannan labarai suna ta ƙaura zuwa gidan gaskiya, kowannensu ya tafi da abin da ke ransa. Wannan babi zai nuna wa malami mai neman horo hanyar da zai bi ya ɗora ɗalibansa a kan turbar binciken tarihi, ya kuma haɗa aikin da rayuwar makaranta.

7.1 Ma'anar Aikin Bincike

Aikin binciken tarihi shi ne ɗalibi ya ɗauki tambaya guda game da abin da ya wuce, ya tattaro shaidu, ya auna su, sannan ya rubuta sakamako da kalmominsa. Kwafo shafi daga intanet ko daga littafi ba bincike ba ne, domin babu tambaya a cikinsa, babu kuma awon shaida.

7.2 Zaɓen Batu

Wajibi ne batu ya kasance ƙarami, kuma kusa da ɗalibi. Jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804 ya fi ƙarfin aikin zango ɗaya, amma ana iya binciken tarihin masallacin Juma'a na garin, ko kasuwa, ko wata ƙofar gari, ko sana'a irin rini a Ƙofar Mata ta Kano. Makarantar kanta ma batu ce. Kwalejin Barewa, alal misali, ta samo asali ne a Katsina a 1921, ta koma Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949. Kowace makaranta tana da irin nata labarin, ko da bai kai wannan tsawo ba.

7.3 Hanyoyin Samun Bayani

(a) Tarihin baka: hira da dattawa da masu unguwanni da limamai da maroƙa da tsofaffin mata, waɗanda galibi su ne ma'adanar labarin zuriya da aure da abinci.

(b) Rubutattun bayanai: rajistar ɗaukar ɗalibai, da kundin da shugaban makaranta ke rubuta al'amuran yau da kullum, da takardun ajami da na Larabci da ke gidajen malamai, da tsofaffin jaridu irin su Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939.

(c) Kayan tarihi da wurare: ganuwa da kufai da tsofaffin hotuna da kuɗin wuri. Gani ya kori ji, don haka ziyara zuwa Gidan Makama a Kano, ko Gidan Arewa da Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, ko hasumiyar Gobarau a Katsina, tana da matuƙar amfani.

7.4 Ladubban Hira

Kafin ɗalibai su fita, malami ya nemi izinin shugaban makaranta da na mai unguwa. Su tafi biyu-biyu ko uku-uku, ɗalibai mata kuwa a haɗa su da malama ko wani muharrami. Su yi gaisuwa cikin ladabi, su bayyana manufarsu, kuma kada su naɗi muryar kowa a waya sai da yardarsa. A rubuta sunan wanda aka yi hira da shi da shekarunsa da wuri da ranar hirar. Akwai batutuwa masu tayar da ƙura, kamar rikicin sarauta da iyakar gonaki da asalin bauta. Ya kamata malami ya kauce musu a wannan mataki, domin rahoton yaro ɗaya kan iya haddasa gaba tsakanin gidaje biyu.

7.5 Tantance Bayani da Ƙayyade Lokaci

Mai ba da labari yakan manta, yakan kuma fifita gidansu, maroƙi kuwa yabo ne sana'arsa. Saboda haka ba a dogara da baki ɗaya. Idan ruwayoyi biyu suka saɓa, ɗalibi ya kawo su duka, ya faɗi wadda ta fi ƙarfi tare da dalili.

Dattawa ba safai suke ambaton shekara ba, sun fi jingina labari da wani babban al'amari. Malami ya tanadi jadawali irin wannan: shigar Turawa Kano da Sakkwato, 1903, samun 'yancin Nijeriya, 1960, rasuwar Sardauna, 1966, canjin hannun tuƙi, 1972, sauya fam zuwa naira, 1973. Idan kuwa takarda na ɗauke da shekarar Hijira, a raba ta da 33, a debe sakamakon daga gare ta, a ƙara 622. Misali, 1218 a raba da 33 ya ba da kimanin 37. A debe, saura 1181. A ƙara 622, ya zama 1803. Amsar kusanci ce kawai, domin shekarar 1218 ta shiga cikin 1804, a cikinta ne Shehu ya yi hijira zuwa Gudu.

7.6 Haɗa Aikin da Rayuwar Makaranta

Ana iya raba aikin a mako goma: biyu na zaɓen batu da tsara tambayoyi, huɗu na tattara bayani, uku na rubutu, ɗaya na gabatarwa. A gabatar da rahotanni a taron ƙungiyar Hausa ko ranar raba kyaututtuka, a gayyaci dattawan da aka yi hira da su, a kuma ajiye kwafi a ɗakin karatu. Wajen ba da maki, a fi ba ingancin shaida nauyi a kan yawan shafuka.

7.7 Kammalawa

An ga cewa wannan aiki yana koya wa ɗalibi tambaya da sauraro da adalci wajen hukunci, yana kuma ƙarfafa masa rubutun Hausa bisa ƙa'ida. Abin da aka rubuta a bana shi ne madogarar masu bincike na gobe.

Auna Fahimta

1. Kawo hanyoyi uku na samun bayanan tarihi, tare da rauni ɗaya na kowace.
2. Mayar da shekarar Hijira ta 1320 zuwa Miladiyya.
3. Tsara tambayoyi biyar da ɗalibi zai yi wa tsohon ɗalibin makarantarsu.