Yoga Da Abin Da Malamanmu Suka Gani A Cikinta

Kalmar yoga daga Sanskirit ta fito, watau tsohon harshen ƙasar Indiya, asalinta kuwa karkiya ce, irin wadda ake ɗaura wa shanun noma. Mabiya addinin Hindu da na Buda da na Jaini kowa da tasa hanya, amma sun haɗu a kan abu guda: horar da zuciya har ta bar kai-kawo.

Musulmi ba yau suka san wannan ba. Shehun malami Abu Raihan Albiruni, wanda ya wallafa littafinsa kan Indiya wajen shekarar 1030, ya fassara littafin yoga na Patanjali zuwa Larabci. Patanjali ya kasa yoga mataki takwas. Lanƙwasa jiki da mutane ke ɗauka shi ne yoga a yau, daga mataki na uku ya samo tushe. Tun kafin a kai gare shi, sai mutum ya bar ƙarya da sata da cutar da mai rai. Albiruni ya kwatanta waɗansu maganganunsu da na Sufaye, ko da yake kama da wane ba ta wane.

A nan malaman zamani suka tsaya. A 2008 Majalisar Fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yoga mai haɗe da kirarin bauta. A 2009 Majalisar Malaman Indonesiya ta bambance: wadda aka cakuɗa da ibadar Hindu haram ce, amma mai ciwon baya da ke miƙe gaɓoɓinsa da safe don lafiya kurum, babu laifi a kansa.