Yadda Ake Auna Ɗan Jarida Mai Kawo Labaran Kotu da Wayar Hannu

A garin Illo da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Bagudo, labarin kotu ya fi isowa ta waya kafin rediyo ya faɗe shi: ko dai saƙon murya a WhatsApp, ko rubutun wani ɗan jarida a Facebook. Matsalar ita ce labarin kotu ba kamar labarin gobara ba ne, wanda kowa zai iya zuwa ya gani da idonsa. Mutane ƙalilan ne ke shiga zauren kotu, sauran jama'a kuwa sun dogara ne da bakin wanda ya shiga. Idan ya karkata, dubban mutane za su karkata tare da shi.

Wannan darasi zai nuna yadda mai riƙe da waya zai gwada irin wannan ɗan jarida. Ba a fara da tambayar wane ɓangare yake goyon baya. Ana ɗauko rahotanninsa na baya ne a jera su da abin da kotu ta yi, sai a ga inda suka dace da inda suka saɓa.

Shari'ar da za a yi gwaji da ita

Illo na cikin masarautar Gwandu, don haka shari'ar sarautar Gwandu ba baƙuwa ba ce ga mutanen yankin. A watan Yunin 2005 gwamnatin Muhammad Adamu Aliero ta sauke Almustapha Haruna Jokolo daga sarauta, aka naɗa Muhammad Iliyasu Bashar. Jokolo ya garzaya kotu. A 2014 Babbar Kotun Jihar Kebbi ta ba da umarnin a mayar da shi, a 2016 kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Sakkwato ta goyi bayan wannan hukunci. Sai a watan Yunin 2025 Kotun Ƙoli ta rushe hukunce-hukuncen biyu, alƙalai uku suka rinjayi biyu. Dalilinta shi ne dokar naɗi da sauke sarakuna ta jihar ta buƙaci ya fara kai ƙorafinsa ga gwamna kafin ya shigar da ƙara, kuma rashin yin hakan ya sa kotun farko ba ta da hurumin sauraren shari'ar.

Shekara 20, kotuna uku, hukunci biyu ga ɓangare ɗaya, na ƙarshe ga ɗaya ɓangaren. Duk ɗan jaridar da ya bi wannan shari'a ya bar sawu a intanet, kuma sawun nan ne za a bi.

Mataki na 1: A tono rahotanninsa na baya

A buɗe Google a rubuta sunan ɗan jaridar a tsakanin alamun zance biyu, sannan a ƙara kalmar Jokolo ko Gwandu. Idan ana son sakamako daga jarida ɗaya kawai, sai a ƙara site: tare da adireshin jaridar, ba tare da barin tazara ba. Don ganin tsofaffin rubuce-rubuce, a ƙara before:2017-01-01, wanda zai kawo abin da aka wallafa kafin wannan rana. Idan an goge labari ko an sauya shi a ɓoye, shafin Wayback Machine da ke archive.org yakan adana tsohon kwafi, sai a liƙa adireshin labarin a can a duba.

Rahoto ɗaya ba ya isa a yanke wa mutum hukunci. A tara aƙalla biyar, daga lokuta daban-daban.

Mataki na 2: Shin ya faɗi wace kotu ce, kuma a wane mataki ake?

Rahoto mai inganci yana ɗauke da sunan kotu, sunan alƙali, ranar zama, da abin da zai biyo baya. Sau da yawa har da lambar shari'a: wadda ta fara da SC ta Kotun Ƙoli ce, CA ta Kotun Ɗaukaka Ƙara, FHC kuma ta Babbar Kotun Tarayya. Wanda ya rubuta a 2014 ko 2016 cewa magana ta ƙare, bai ambaci damar ɗaukaka ƙara ba, ya yaudari masu karatunsa, domin Sarki Bashar ya ci gaba da zama a kan gado har shari'ar ta kai ƙarshe.

A kuma lura ko yana bambanta umarnin wucin gadi da hukuncin ƙarshe. A rikicin masarautar Kano na 2024, Babbar Kotun Tarayya da Babbar Kotun Jiha sun fitar da umarni masu karo da juna cikin kwanaki kaɗan. Wanda ya kira kowane umarni “nasara” bai taimaki kowa ba.

Mataki na 3: Shin ya faɗi dalilin hukunci?

Nan ne gwani ke fita daban. Hukuncin 2025 ya tsaya ne a kan hurumi da bin ƙa'idar shigar da ƙara. Ɗan jaridar da ya ce kotu ta tabbatar da laifi a kan Jokolo ya ƙara abin da ba shi ne tushen hukuncin ba. Wanda kuma ya ɓoye cewa alƙalai biyu sun saɓa, ya rage wani abu mai muhimmanci. Haka nan wanda ya cika rahotonsa da ra'ayin alƙalai biyun har mai karatu ya kasa gane cewa na ukun ne ke aiki, shi ma ya karkata, sai dai zuwa ɗaya gefen.

Mataki na 4: Takarda ya gani, ko baki ya ji?

A ƙofar kotu lauyan kowane ɓangare yana yi wa 'yan jarida bayanin da ya dace da wanda yake karewa, domin aikinsa ke nan. Maganar lauya ba maganar alƙali ba ce. A duba ko ɗan jaridar yana raba su a fili, kuma ko yana jin ta bakin ɓangarorin biyu.

Misalin Kano ya nuna darajar takarda. A ranar 17 ga Nuwamban 2023 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta karanta hukuncin da ya tsige Gwamna Abba Kabir Yusuf, amma kwafin hukuncin mai hatimin kotu ya fito da wani sashe da ya saɓa wa abin da aka karanta, kotun kuma ta ce kuskuren rubutu ne. Ɗan jarida na gari ya kawo duka biyun, ya kawo bayanin kotu, ya kuma tuna wa jama'a cewa Kotun Ƙoli ce za ta raba gardama, kamar yadda ta yi a ranar 12 ga Janairun 2024 da ta tabbatar da zaɓen gwamnan.

Idan hoton takarda ne ke yawo, a saka shi a Google Lens don ganin inda ya fara bayyana da ranar da ya bayyana. Tsohon umarnin kotu kan dawo a matsayin sabo.

Mataki na 5: A auna kalmominsa

Sashe na 36(5) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma ba shi da laifi har sai an tabbatar. Saboda haka wanda jami'an kwastan suka kama da kaya a kan iyakar Lolo “wanda ake zargi” ne, ba “ɗan fasa-ƙwauri” ba, har sai kotu ta yanke. Hanya mafi sauƙi ta gano son rai ita ce kwatanta rahotanni biyu: yadda ya rubuta ranar da wani ɓangare ya yi nasara, da yadda ya rubuta ranar da ya faɗi. Idan nasarar ɗaya “adalci” ce, ta ɗayan kuma kullum “an sayi alƙalai” ce ba tare da hujja ba, to an gane inda ya dosa.

Mataki na 6: Wa ke bayan shafin?

Kowane shafin Facebook yana da sashen da ke nuna ranar da aka buɗe shi, sunayen da ya taɓa ɗauka, da ko yana biyan kuɗin talla. Shafin da jiya yake ɗauke da sunan ƙungiyar yaƙin neman zaɓe, yau ya koma gidan jarida, abin lura ne. A kuma bincika ko marubucin yana riƙe da muƙamin mai taimaka wa wani ɗan siyasa kan yaɗa labarai. A WhatsApp, kibiya biyu a saman saƙo na nufin ya ratsa hannaye da yawa, kuma sunan da ke jikinsa ba lallai na marubucin gaskiya ba ne. Shafukan tantance labarai irin su Dubawa da Africa Check na iya taimakawa.

Sai a duba ko ya taɓa gyara kuskurensa a fili. Wanda ya rubuta “na yi kuskure jiya” ya fi wanda ya goge rubutu ya yi shiru.

Tsallaken iyaka

Mai bin labaran kotunan Jamhuriyar Benin ya tuna cewa tsarinsu na Faransa ne, harshen aiki kuma Faransanci, don haka labarin kan ratsa fassara kafin ya iso Illo. Akwai kuma matsin lamba. A Disamban 2019 aka yanke wa ɗan jarida Ignace Sossou ɗaurin wata 18 a ƙarƙashin dokar sadarwar zamani ta ƙasar, saboda ya wallafa kalaman wani mai gabatar da ƙara a shafukan sada zumunta, aka sake shi a Yunin 2020 bayan ɗaukaka ƙara. Wani lokaci abin da ɗan jarida ya bari bai faɗa ba tsoro ne ya jawo, ba kuɗi ba.

Kafin a danna turawa

Mai turawa ma yana da alhaki. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka gyara a 2024, ya haramta tura saƙon da mutum ya san ƙarya ne da nufin tayar da hargitsi. Maganar sarauta, fili da zaɓe kuwa ba ta da wuyar haɗa maƙwabta faɗa. Kafin a tura labarin kotu zuwa zauren unguwa, a nemi amsar tambayoyi uku a cikinsa: wace kotu ce, me ta ce da bakinta, kuma akwai sauran ɗaukaka ƙara? Idan babu amsarsu, a riƙe saƙon har sai an samu.