Adana Adireshin Shafuffukan Intanet da Yi Musu Shaida

Tun da hukumomin Gwamnatin Tarayya suka mayar da yawancin ayyukansu kan intanet, adireshin shafi ya shiga cikin abubuwan da mutum zai ɓatar ya yi asara, kamar yadda ake ɓatar da rasit ko takardar fili. Mai neman fasfo, da ɗalibin da zai zauna jarrabawar JAMB, da ɗan kasuwan da ke son yi wa kamfaninsa rajista a hukumar CAC, da wanda zai gyara sunansa a lambar NIN, dukansu sai sun bi ta wani shafi kafin bukatarsu ta biya. Wanda ya san adireshin gaskiya ya huta. Wanda ya manta shi kuwa yakan koma lalube, kuma a wurin laluben ne 'yan damfara suke kafa tarkonsu.

Ana ganin wannan matsala sosai a unguwannin Hausawan Legas, watau irin su Agege da Idi-Araba da Mile 12 da kewayen Isolo. Mutanen waɗannan wurare galibinsu 'yan kasuwa ne da masu sana'a, harkarsu kuwa ba ta rabuwa da takardun hukuma. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993 domin kula da ingancin abinci da magunguna, tana da babban ofishi a Isolo, a bakin titin da ya tashi daga Oshodi zuwa Apapa, amma duk da haka mai kanti da ke maƙwabtaka da ofishin ta intanet zai shigar da takardar neman rajistar kayansa. To, abin da aka saba yi shi ne, wani ya turo adireshin a zauren WhatsApp na 'yan ƙungiya, kowa ya gani ya wuce. Bayan wata uku idan bukata ta taso, saƙon ya nutse ƙarƙashin dubban gaisuwa da hotuna, ko kuma an sace wayar a tashar mota, ko an sake sabuwa.

Alamar shafi da asalinta

Manhajojin shiga intanet irin su Chrome da Firefox suna da wurin da ake danna ɗan tauraro domin a ajiye adireshin shafin da ake karantawa. Wannan shi ake kira alamar shafi. Da farko a cikin na'ura ɗaya kurum ake ajiye ta, in na'urar ta lalace ajiya ta tafi. A shekarar 2003 wani Ba'amurke mai suna Joshua Schachter ya buɗe wani shafi da ake kira Delicious, inda mutum zai ajiye adireshinsa a kan intanet, ya same su daga kowace kwamfuta, ya liƙa wa kowanne kalmomin da zai tuna shi da su, har kuma ya ga abin da wasu suka ajiye ƙarƙashin waɗannan kalmomi. Daga nan ne wannan hanya ta ajiyar taro ta bazu. A yau akwai manhajoji irin su Raindrop.io da Diigo da Pinboard da suke wannan aiki, ga kuma Zotero, wadda aka fito da ita a 2006 a Jami'ar George Mason ta Amurka, wadda ta fi dacewa da ɗalibai da malaman jami'a. Ba a ce lalle sai da ɗayansu ba. Wanda ya fahimci tsarin zai iya aiki da shi ko da a littafin rubutu ne mai shafi arba'in.

Shaida

Hausawan Agege ba baƙi ba ne ga wannan dabara, ko da yake da wani suna suka san ta. Cinikin goro ne ya zaunar da kakanninsu da yawa a can, musamman bayan da hanyar jirgin ƙasa ta haɗa Legas da Kano a 1912. Kowane ɗan goro ya san huhun da ba a yi wa shaida ba, idan ya shiga cikin ɗaruruwan 'yan'uwansa a tasha, mai shi ma ba zai gane shi ba. Haka dillalan shanu suke sa wa dabbobinsu alamar fenti kafin a kai su mayankar Oko-Oba. Kalmar da ake liƙa wa adireshi ita ce shaidarsa, aikinsu ɗaya.

Bambancin shaida da jaka shi ne wannan. Idan mutum ya buɗe jakunkuna a wayarsa, ɗaya ta kasuwa, ɗaya ta makaranta, ɗaya ta lafiya, dole kowane adireshi ya shiga jaka guda. To, shafin da ake duba lambar rajistar magani fa, ina za a sa shi? Ga mai kantin magani harkar kasuwa ce, ga uwar da ɗanta ke zazzaɓi harkar lafiya ce, kuma shafin hukuma ne. Da shaida wannan gardama ba ta tasowa, domin ana iya liƙa masa kalmomi uku ko huɗu gaba ɗaya: magani, kasuwa, hukuma, NAFDAC. Ta kowace ƙofa mai nema ya shigo zai tarar da shi.

Amma a nan ne mafi yawan masu farawa suke tuntuɓe, kuma mai rubutu da Hausa ya fi kowa bukatar lura. Na'ura ba ta da hankali, harafi take ƙirgawa. A wurinta "kuɗi" da "kudi" kalmomi biyu ne, haka "ƙasa" da "kasa", haka "magani" da "magunguna". Wanda ya rubuta Legas yau, gobe Lagos, jibi Ikko, ya raba kayansa gida uku, kuma ran da ya nemi ɗaya sulusin ajiyarsa kaɗai zai fito. Saboda haka lalle ne mutum ya yanke shawara tun ranar farko, ya tsaya a kanta. Ya zaɓi tilo ya bar jam'i. Ya zaɓi ƙananan haruffa. Game da haruffa masu ƙugiya kuwa, ko da yake ƙa'idar rubutun Hausa ta wajabta su a takarda, a wurin shaida ya fi sauƙi a duba wayoyin waɗanda za su yi aiki da ajiyar. Idan akwai waɗanda allon rubutunsu ba shi da ɓ da ɗ da ƙ, gara kowa ya bar su a wannan wuri kaɗai, domin kada wasu su riƙa nema suna rasawa.

Har wa yau, kada shaida ta yi yawa. Kalmomi ashirin ko talatin sun isa mutum guda shekara da shekaru. Shaida irin su "muhimmi" ko "mai kyau" ko "a karanta" ba su da wani amfani, gama duk abin da mutum ya ajiye a ranar da ya ajiye shi muhimmi ne a wurinsa. Shaida mai amfani ita ce wadda take amsa tambaya: shafin na wace hukuma ne, a kan wane al'amari, na wane gari, na wace shekara. Ya kyautu a rubuta jerin kalmomin da aka amince da su a takarda ɗaya, a riƙa dubawa kafin a ƙirƙiro sabuwa.

Sharhin gefe

Wanda ya taɓa buɗe gafakar wani malamin zaure, ko ya ga tsofaffin littattafan hannu da ke Gidan Arewa a Kaduna, ya san malaman da ba su barin gefen takarda fari. Sukan rubuta fassarar kalma mai wuya da ajami tsakanin layuka, su yi ɗan bayani a gefe, kuma da yake warƙoƙin ba a ɗinke suke ba, sukan sa kalmar farko ta shafi na gaba a ƙasan wanda ya gabace shi, domin in iska ta watsa su a iya mayar da kowace wurinta. Sun yi haka ne don mai karatu na gobe, wanda sau da yawa su ne da kansu bayan mantuwa ta zo.

Duk manhajojin da aka ambata suna da gurbin rubuta irin wannan bayani, kuma shi ne gurbin da jama'a suka fi bari babu komai. Layi biyu ko uku sun wadatar, muddin sun ƙunshi abin da shafin yake yi, da ranar da aka duba shi, da inda aka samo shi. Alal misali, mai kantin magani a Isolo zai iya rubuta: "Kundin NAFDAC na duba ko an yi wa magani rajista. Ana sa lambar da ke jikin kwali. Na samo adireshin daga babban shafin hukumar. Na duba ran 4 ga Maris, yana aiki." Kwanan wata shi ne abin da ya fi nauyi a ciki, domin kuɗin rajista da ranakun rufe karɓar takardu suna sakewa, kuma bayanin da yake daidai bara yana iya sa mutum ya yi tafiyar banza bana.

Abin da ba a rubutawa a wannan gurbi shi ne kalmar sirri, da lambar BVN, da lambar NIN, da lambar katin banki. Wasu daga cikin manhajojin an gina su ne domin a nuna wa jama'a abin da aka ajiye, don haka wajibi ne mutum ya duba ko ajiyarsa a rufe take ko a buɗe kafin ya rubuta komai.

Ajiyar ƙungiya

Babban amfanin wannan tsari yana fitowa ne idan jama'a suka haɗa hannu. Ƙungiyar 'yan kasuwa, ko kwamitin masallaci, ko ƙungiyar iyayen yara, za ta iya buɗe ajiya ɗaya, ta ɗora wa magatakarda da wani mutum guda nauyin shigar da adireshi, sauran 'yan ƙungiya su riƙa dubawa kawai. Ba a ba kowa ikon ƙarawa, domin ajiyar da kowa ke zuba wa kaya ba ta daɗewa take komawa irin zauren da aka gudo daga gare shi.

Kafin magatakarda ya shigar da adireshin hukuma, sai ya tantance shi. Yawancin ma'aikatu da hukumomin gwamnati adireshinsu yana ƙarewa da gov.ng, kamar jamb.gov.ng da nimc.gov.ng da cac.gov.ng da immigration.gov.ng da nafdac.gov.ng. Na rundunonin soja yakan ƙare da mil.ng, na jami'o'i kuwa edu.ng. Wurin da ake dubawa shi ne ƙarshen suna, dab da karan farko mai jirge. 'Yan damfara sukan sa sunan hukuma da kalmar gov a farkon adireshi, sa'an nan su ƙare shi da wani abu dabam, su kwaikwayi tambarin gwamnati da launin kore, su ce ana ɗaukar ma'aikata ko ana raba tallafi, a biya kuɗin fom. Ɗan hoton kwaɗo da ke fitowa kusa da adireshi ba hujja ba ne, domin shafin ɓarawo ma yana iya samunsa. Adireshin da aka gajarta kuwa, wanda ba ya nuna inda zai kai mutum, ba a ajiye shi yadda ya zo. Sai a buɗe shi, a ga inda ya sauka, in ya tabbata a ajiye cikakken. Saurayin da ya zo Legas neman aiki, idan yana da wurin da zai duba adireshin da dattawan ƙungiyarsa suka tantance, da wuya a karɓe masa kuɗin motarsa da sunan fom.

Shafi yana mutuwa, kamfani yana rufewa

Adireshi nuni ne kawai zuwa ga abin da ke hannun wani. Cibiyar bincike ta Pew da ke Amurka ta bayyana a 2024 cewa kashi 38 cikin ɗari na shafuffukan da suke nan a 2013 ba a iya samunsu bayan shekara goma. Don haka takardar da za a bukata a matsayin hujja, kamar shaidar biyan kuɗi ko sanarwar hukuma, ba a dogara da adireshinta kaɗai. A sauke ta a waya, in da hali a buga ta a takarda. Shafin da ya riga ya ɓace kuma, wani lokaci akan sami tsohon kwafinsa a ma'ajiyar Wayback Machine ta cibiyar Internet Archive, wadda aka kafa a 1996.

Su ma masu karɓar ajiyar ba su dawwama. Kamfanin Yahoo ya sayi Delicious a 2005, ya sayar a 2011, ta yi ta sake hannu har Pinboard ta saye ta a 2017 aka daina karɓar sabuwar ajiya. Google ya rufe shafinsa na Google Bookmarks a watan Satumba na 2021. Pocket, wadda mutane masu yawa suka dogara da ita, kamfanin Mozilla ya rufe ta ran 8 ga Yuli 2025, aka ba masu ajiya 'yan watanni su kwashe kayansu. A nan gida ma, waɗanda suka tara ajiyarsu a Twitter sun sha wuyar kaiwa gare ta lokacin da aka dakatar da shafin a Nijeriya daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022.

Saboda haka, kafin a zaɓi kowace manhaja, a tabbata tana ba da damar fitar da ajiya gaba ɗaya a fayil guda, tare da shaidu da sharhin. Magatakarda ya riƙa fitar da wannan fayil sau ɗaya a wata uku, ya ajiye kwafi ɗaya a wurinsa, ɗaya a wurin ma'aji, sa'an nan ya bi adireshin ɗaya bayan ɗaya ya cire matattu ya sabunta kwanan wata. Asusun kuma a buɗe shi da adireshin imel na ƙungiya, ba na mutum ɗaya ba, domin ranar da magatakarda ya koma gida Arewa ko aka zaɓi wani, a miƙa wa sabon kalmar sirri tare da littafin taro, shi kuma ya sake ta a ranar.