Darasi Na Bakwai: Auna Samu Da Bashi Kafin Shiga Karatun Lantarki Da Injuna

7.1 Gabatarwa

Aikin malamin makaranta bai tsaya ga koyar da karatu da rubutu ba, domin a ƙauyuka shi ne mutumin da ɗalibai da iyayensu ke fara tunkara idan ana neman shawarar inda yaro zai dosa bayan sakandare. Wannan darasi zai dubi yadda ake auna abin da za a kashe da abin da ake sa ran samu, tare da ɗaukar misalin ɗalibi ɗan Ruwan Gizo, a ƙaramar hukumar Talata Mafara, mai sha'awar karatun lantarki da injuna.

7.2 Tsarin Karatun

Makaranta mafi kusa da irin wannan ɗalibi ita ce Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara, wadda aka kafa a 1992, tun kafin a fitar da jihar Zamfara daga tsohuwar jihar Sakkwato a 1996. A irin waɗannan kwalejoji ana yin shekara biyu a sami ƙaramar difloma, sannan a yi shekara ɗaya ana koyon aiki a masana'anta, daga nan a ƙara shekara biyu don babbar difloma. Ke nan mai son kaiwa ƙarshe zai shafe shekara biyar kafin bautar ƙasa.

7.3 Abin Da Ake Kashewa

Ɗawainiyar karatu iri biyu ce. Akwai ta fili, wato kuɗin makaranta da na ɗaki da abinci da mota da kayan aiki. Akwai kuma ta ɓoye, wadda yawancin iyaye ba su cika sa ta cikin lissafi ba. Saurayin da ya tafi makaranta ya bar gurbinsa a gonar gidansu, damina da rani, kuma dole a ɗauki ɗan ƙodago ko a rage faɗin abin da ake nomawa. Duk lissafin da ya manta da wannan gurbi bai cika ba.

7.4 Bashin Karatu

Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma bashi suna ya tara. A 2024 gwamnatin tarayya ta sabunta dokar ba ɗalibai lamuni, inda asusun NELFUND ya fara biyan kuɗin makaranta tare da naira 20,000 a wata don ɗawainiya. Lamunin ba ya ɗauke da kuɗin ruwa, ana fara biyansa shekara biyu bayan bautar ƙasa, ta hanyar cire kashi 10 cikin 100 na albashi ko na ribar sana'a.

Alal misali, ɗalibin da ya karɓi naira 20,000 na tsawon wata 24 ya ci bashin naira 480,000, ban da kuɗin makaranta. Idan ya sami aiki a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka tsayar a 2024, za a riƙa cire naira 7,000 a wata, sai ya yi wata 69 yana biya, wato kusan shekara shida. Idan kuwa samunsa ya kai naira 150,000, wata 32 sun isa. Wannan ya nuna cewa nauyin bashi ya danganta ne ga ƙarfin samu fiye da yawan kuɗin da aka ranta. Bashin ɗan kasuwa da aka jinginar da gona a kansa ya fi wannan haɗari nesa ba kusa ba, domin idan aiki ya yi jinkiri gonar ce za ta salwanta.

7.5 Ina Aikin Yake?

Madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka kammala a 1978 a kan gulbin Sakkwato, an tsara ta ne don ta shayar da kimanin hekta 23,000 a yankin Talata Mafara da Bakura da Maradun. Mafi yawan filin an shirya shayar da shi ta na'urorin feshi masu aiki da famfuna, amma da na'urorin suka lalace sai noman ya taƙaita ga inda ruwa ke gangarawa da kansa. Darasin a nan shi ne, inji yana rayuwa ne gwargwadon hannun da ke kula da shi. Har ila yau, bayan cire tallafin man fetur a 2023, manoma da dama sun fara komawa ga famfunan ban-ruwa masu aiki da hasken rana, kuma ana buƙatar mai haɗa su da mai gyara su. Injunan niƙa da na casar shinkafa da rijiyoyin burtsatse su ma haka. Saboda haka, ɗalibin da ya fito da aiki a hannunsa ba sai ya jira takardar ɗaukar aiki daga Gusau ba.

7.6 Kammalawa

Malami nagari ba ya tsorata ɗalibi da bashi, ba ya kuma ruɗarsa da albashin da bai zo hannu ba. Abin da ya kamata shi ne ya zaunar da shi, su lissafa ɗawainiyar fili da ta ɓoye, su auna biyan bashin da mafi ƙarancin samu, sannan a bar yaro da iyayensa su yanke shawara.

7.7 Auna Fahimta

1. Bambance tsakanin ɗawainiyar fili da ta ɓoye, tare da misalai.
2. Wata nawa mai samun naira 100,000 zai yi kafin ya biya bashin naira 480,000?
3. Wane darasi na'urorin feshi na Bakolori ke koyarwa?